Likita da Ƙauye: Tarihin Yunƙurin Jawo Hankalin Ɗaliban Likitanci Zuwa Aikin Karkara a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da aka fara koyar da aikin likita irin na Turawa a Nijeriya, akwai wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Matsalar kuwa ita ce, a birni ake horar da likita, in ya gama kuma a birni yake zama, alhali cututtukan da suka fi ɗaukar rayuka, irin su zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da wahalar haihuwa, a ƙauyuka suka fi yin ɓarna. Gwamnatoci da jami'o'i sun gwada dabaru iri-iri don karkato da zuciyar ɗalibin likitanci zuwa karkara tun kafin ya karɓi takardar shaidarsa. Wasu dabarun sun haifar da ɗa mai ido, wasu kuwa sun bi ruwa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin waɗannan yunƙure-yunƙure daga shekarar 1930 zuwa yau. Za a duba gadon da mulkin mallaka ya bari, da gwaje-gwajen da jami'o'in Ibadan da Zariya da Ife da Ilorin suka yi, da kuma matakan da gwamnatin tarayya ta ɗauka. Daga nan za a nuna cewa doka kaɗai ba ta taɓa dasa sha'awar aikin karkara a zuciyar ɗalibi ba. Inda aka ga sha'awar ta yi saiwa, to an haɗa abubuwa ne da suka shafi asalin ɗalibin, da daɗewarsa cikin jama'a, da kayan aikin da zai tarar, da kuma jin harshen mutanen da zai yi wa magani. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi yin sakaci da shi, shi ne kuma ya fi shafar masana harsunan Nijeriya.

2.0 Gadon Zamanin Mulkin Mallaka

Turawan mulki ba su kafa aikin asibiti don talakan ƙauye ba. Asibitocin farko an gina su ne domin kula da lafiyar jami'an gwamnati da sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa, saboda haka suka taru a garuruwa irin su Legas da Kalaba da Lakwaja da Zungeru da Kaduna. A shekarar 1902, lokacin da aka haɗe likitocin gwamnati na ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Ingila a ƙarƙashin hukuma guda, an ware baƙar fata daga cikinta, ko da kuwa a Ingila ya yi karatunsa. Ke nan tun daga tushe an ɗaure aikin likita da birni da kuma muƙamin gwamnati.

Ƙauye kuwa sai aka bar shi a hannun rukuni biyu. Rukuni na farko su ne 'yan mishan, waɗanda suka gina asibitoci a wurare irin su Wusasa da Vom da Garkida da Ilesha da Ogbomosho. Rukuni na biyu su ne ɗakunan shan magani na En'e, inda malamin asibiti mai ɗan taƙaitaccen horo yake wanke gyambo, ya ba da maganin tsutsar ciki da na zazzaɓi. Ban da waɗannan, akwai ayarin ma'aikata masu yawo ƙauye-ƙauye don yaƙi da wata cuta guda, kamar ciwon barci. Shirin Anchau na ƙasar Zazzau, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1930, ya sare dazuzzukan da ƙudan tsando ke fakewa, ya tayar da mutane ya kafa musu sabon gari mai suna Takalafiya. Aiki ne babba, amma likitocin da suka jagorance shi baƙi ne.

A shekarar 1930 aka buɗe Makarantar Likitanci ta Yaba a Legas. Waɗanda suka fita daga cikinta mataimakan likita ake kiran su, kuma takardar shaidarsu ba ta da daraja a wajen Nijeriya. A tsakiyar shekarun 1950 an buɗe irin wannan makaranta a Kano domin Jihar Arewa, sai dai ba ta yi tsawon rai ba. Su kansu ɗaliban da 'yan kishin ƙasa sun ɗauki wannan tsari a matsayin raini, suna ganin an ware wa baƙar fata ƙaramin ilmi ne da gangan. Wannan ɗaci ya bar tabo mai zurfi. Daga wannan lokaci, duk wata shawara ta a tsara karatun likita daidai da buƙatun ƙauye sai a riƙa kallon ta da zargi, ana tsoron kada a koma gidan jiya.

A Arewa ƙarancin ya fi tsanani. Dokta Barau Dikko, wanda ya tashi a Wusasa ya yi karatu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, shi ne likita na farko ɗan Arewa, kuma ya kama aikin gwamnati a 1940. Har zuwa samun mulkin kai a 1960, likitoci 'yan asalin Arewa ba su taka kara sun karya ba.

3.0 Ibadan da Shirin Ibarapa

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sai aka ɗaura ta da Jami'ar Landan, wato digirin Landan ɗalibanta suke samu. An buɗe babban asibitin koyarwa na Ibadan a 1957, aka ƙawata shi da kayan aiki irin na asibitocin Ingila. Burin shi ne a fitar da likitan da babu mai raina shi a ko'ina cikin duniya, an kuwa cim ma wannan buri. Sai dai likitan da ya saba da ɗakin gwaje-gwaje da wutar lantarki da manyan malamai a kusa da shi, in aka kai shi asibitin gunduma inda babu ko ɗaya daga cikinsu, sai ya zama kamar kifin da aka tsamo daga ruwa.

A daidai wannan zamani wasu likitoci biyu suka nuna cewa ƙauye ma makaranta ne. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Shi kuma Dokta David Morley, wanda ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile daga 1956, ya kafa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kuma tsara katin awon nauyin yara wanda daga baya ya bazu a ƙasashe masu yawa. Duka ayyukan biyu daga ƙauye suka fito, duniya kuma ta yi koyi da su.

Ganin haka, da kuma samun 'yancin tsara manhajarta bayan ta rabu da Landan a 1962, Jami'ar Ibadan ta kafa Shirin Kiwon Lafiyar Al'umma na Ibarapa a 1963, da tallafin Gidauniyar Rockefeller da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Yamma. An yi wa shirin mazauni a Igbo-Ora, ɗaya daga cikin garuruwa bakwai na ƙasar Ibarapa, sauran su ne Eruwa da Lanlate da Idere da Ayete da Tapa da Igangan. Dokta Theophilus Ogunlesi, wanda daga baya ya zama farfesan likitanci na farko ɗan Nijeriya, shi ya fara shugabantar shirin. Ɗalibai kan tare a Igbo-Ora na tsawon makonni, suna duba marasa lafiya a cibiyar, suna shiga gida-gida suna ƙidayar haihuwa da mutuwa, suna duba rijiyoyi da tafkunan da ake ɗibar ruwan sha.

Amfanin shirin ya bayyana a fagen ilmi. Bincike mai yawa kan ciwon kurkunu, wanda Yarbawa ke kira sobiya, an gudanar da shi a ƙauyukan Ibarapa, musamman Idere. Irin wannan sani ya taimaka a yaƙin da ya rage masu cutar daga fiye da 650,000 da aka ƙidaya a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita daga ƙasar a 2013.

Ta fuskar zaunar da likitoci a karkara kuwa, sakamakon bai kai haka ba. Yawancin waɗanda suka bi ta Igbo-Ora sun koma birane ko sun ƙetare teku. Amma akwai misali guda da ya cancanci ambato, wato Dokta Oluyombo Awojobi, wanda ya gama Ibadan a 1975, ya ƙware a aikin tiyata, sannan ya koma Eruwa a 1983, ya buɗe asibitinsa a can a 1986, ya zauna har rasuwarsa a 2015. Da ya ga kayan aiki na ƙasashen waje sun fi ƙarfin aljihun manoma, sai ya shiga ƙera nasa. Ya yi gadon tiyata da ake ɗagawa da jak ɗin mota, ya yi na'urar gwajin jini da ƙafar keke, yana kuma haɗa ruwan ƙarin da ake ɗaura wa marasa lafiya a nan cikin asibitin. Rayuwarsa ta nuna cewa ƙwararren likita na iya zama a karkara ba tare da ilminsa ya dusashe ba.

4.0 Zariya da Ife da Ilorin

An kafa Tsangayar Likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, ita ce ta farko a Arewa. Maimakon asibiti guda, jami'ar ta karɓi asibitocin gwamnati a Zariya da Kaduna da Malumfashi tana koyarwa a cikinsu. Malumfashi ta zama wa Zariya kamar yadda Igbo-Ora ta zama wa Ibadan, wato fagen koyon kiwon lafiyar al'umma da binciken cututtukan da suka yi kaka-gida a karkara, irin su tsargiya da sanƙarau da saran maciji. Farfesa Umaru Shehu, wanda ya rasu a 2023, yana cikin waɗanda suka aza harsashin wannan fanni a Zariya. A can ne kuma Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranci nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti tsakanin 1976 da 1979. Nazarin ya nuna cewa matan da suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su yi awon ciki ba, ba su yi karatun boko ba, aka kuma kawo su asibiti bayan naƙuda ta yi tsawo. Da yawansu daga ƙauyuka aka ɗauko su.

Jami'ar Ife, wadda a yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, ta buɗe Tsangayar Kimiyyar Lafiya a 1972 ƙarƙashin Farfesa Adesanya Grillo. Ita ma ta guje wa gina ƙaton asibiti guda, ta haɗa asibitocin Ife da Ilesha da cibiyar karkara ta Imesi-Ile ta mayar da su wuraren koyarwa, da nufin ɗalibi ya ga mara lafiya a kowane mataki, tun daga ƙauye har zuwa babban asibiti.

Ilorin ce ta fi kowa zurfafawa. Shugaban farko na tsangayarta, wadda aka kafa a 1977, shi ne Farfesa Eldryd Parry, wanda ya shafe shekara takwas yana koyarwa a Zariya kafin nan. A Ilorin aka tsara shirin zama da hidima cikin al'umma da aka fi sani da COBES. Bambancinsa da na Ibadan shi ne, ba a jira sai ɗalibi ya kusa gamawa. Tun a shekarun farko na karatu ake kai ɗalibai ƙauye, su zauna cikin jama'a, su zana taswirar garin, su ƙidaya gidaje, su gano babbar matsalar lafiya da ke damun mutane, su zauna da dagaci da dattawa a nemi mafita. Hikimar ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya shekara biyar a babban asibiti ya riga ya zaɓi gwanayen da yake son ya gada, makonni kaɗan a ƙarshe ba za su sauya masa ra'ayi ba.

Jami'o'in da suka biyo baya sun ɗauki wani abu daga wannan tsari. Asibitin koyarwa na Zariya yana da cibiya a Yakawada, na Kano yana da ita a Kumbotso, na Jos kuma a Gindiri da Zamko. A yau zaman karkara ya zama wani ɓangare na karatun likita a Nijeriya. Abin tambaya shi ne ko zaman yana barin wani tasiri a zuciyar ɗalibi, ko kuwa sharaɗi ne kawai da ake cikawa don a ci jarrabawa.

5.0 Matakan Gwamnatin Tarayya

Ita gwamnati ta fi karkata ga doka. A 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ya wajabta wa duk mai digiri aikin shekara guda a wata jiha da ba tasa ba. Ta wannan hanya asibitocin ƙananan hukumomi da dama suka ga likita a karo na farko. Amma likitan bautar ƙasa sabon hannu ne, sau da yawa shi kaɗai ne babu babba a kansa, ba ya jin harshen garin, kuma tun ranar da ya sauka yake ƙidayar watannin da suka rage masa. In ya tafi, sai asibitin ya koma jiran wani baƙon.

A tsarin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, an ƙaddamar da shirin samar da cibiyoyin lafiya a karkara, aka kuma buɗe makarantun koyon fasahar kiwon lafiya a jihohi. An yi gine-gine da yawa, amma da dama sun tsaya babu ma'aikata babu magani. Ana cikin haka aka yi taron Alma-Ata na 1978 a tsohuwar Tarayyar Sobiyat, inda ƙasashe 134 suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne hanyar kai lafiya ga kowa.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin aiwatar da wannan manufa a Nijeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don su zama abin koyi, ya haɗa su da kwalejojin likitanci da makarantun fasahar kiwon lafiya domin malamai da ɗalibai su taimaka wajen tsara aikin. A zamaninsa aka fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988, aka kuma kafa hukumar raya kiwon lafiya matakin farko a 1992. Sai dai an yi rashin sa'a, domin a shekarar 1986 ɗin ne aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, albashin likita ya zama ba ya kai shi ko'ina. Manyan malaman asibitocin koyarwa suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila da Amurka. Ɗalibin da ake yi wa wa'azin zaman ƙauye yana kallon malaminsa yana haɗa kaya.

Wani cikas kuma shi ne yadda aka raba nauyin kiwon lafiya. Matakin farko an ɗora shi a kan ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi raunin matakan gwamnati uku ta fuskar kuɗi. Likitan da ya zaɓi aiki a can ya san cewa hanyar ƙarin girma da ta ƙwarewa tana wani wuri daban.

Wannan ciwo bai warke ba. A 2023 an gabatar da wani ƙudiri a Majalisar Wakilai da ke neman a hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a cikin ƙasa, ƙungiyoyin likitoci kuma suka yi masa ca. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. In birni ma yana kukan rashin likita, to halin da ƙauye yake ciki ba sai an faɗa ba.

6.0 Matsayin Harshe

Da Ingilishi ake koyar da likitanci a Nijeriya, amma mafi yawan marasa lafiya a karkara da harshen uwa suke bayyana ciwonsu. Likitoci da kansu suna koyar da cewa kaso mafi girma na gano cuta daga bayanin mara lafiya yake fitowa, kafin a kai ga awo ko gwaji. A ƙauyen da babu ɗakin gwaji kuwa, bayanin shi ne kusan komai. Likitan da ba ya jin harshe dole ya dogara da tafinta, wanda sau da yawa ma'aikacin shara ne ko ɗan'uwan mara lafiya, kuma akwai maganar da mace ba za ta faɗa a gaban ƙanin mijinta ba.

Ko ga mai jin Hausa ma, kalmomin cuta ba su tafiya kafaɗa da kafaɗa da sunayen da ke cikin littattafan likita. Kalmar sanyi tana iya nufin ciwon gaɓoɓi, ko mura, ko wani ciwo na al'aura da kunya ta hana a ambata. Kalmar shawara takan ɗauki cututtuka daban-daban da ke sa ido ya yi rawaya, har da waɗanda ba su sa hakan. Basir a bakin mutane ya wuce abin da likita ya sani da wannan suna, yakan haɗa da kumburin ciki da kasala da raunin mazakuta. Haka nan idan aka ce mace tana da gishiri, maganar ba ta shafi abin da ake sa wa miya ba. Wani ciwo ake nufi da ake yi wa yanka a gargajiyance, yankan da kan jawo yoyon fitsari. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda kan sa yarinya ta ɓoye naƙuda har lokaci ya ƙure. Duk wanda bai san waɗannan ba zai rubuta magani a kan abin da ba shi ake nufi ba.

Tarihin Zariya ya ba da kyakkyawan misali. A shekarun 1970 Parry da abokin aikinsa Davidson sun lura da yawan matan da ke zuwa da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da al'adun jego, wato wankan ruwan zafi na kwana arba'in, da kwanciya a kan gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙaro wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Duk da haka, ba a kai ga tambayar farko ba sai da aka san abin da mai jego take yi a cikin ɗakinta. Haka kuma a ƙasar Malumfashi ne Murray Last da Lewis Wall suka yi nazarce-nazarcensu kan yadda Bahaushe yake fahimtar cuta da magani, littafin Wall kuma ya fito a 1988. Irin wannan ilmi ya fi zama a ɗakunan karatu na sassan nazarin al'umma da na harsuna, bai cika isa ajin ɗaliban likitanci ba.

Harshe yana da wani amfani ban da gano cuta. Baƙon da ba ya iya gaisawa da maƙwabcinsa, ba ya zuwa suna ko jana'iza, ba ya gane barkwancin da ake yi a kasuwa, kaɗaici ne zai kore shi ko da an biya shi albashi mai tsoka. Wanda kuwa ya iya gaisuwa da ban-gajiya da jaje, nan da nan zai zama ɗan gari.

7.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, kuma abin da wasu ƙasashe suka yi yana ƙara haske a kan tarihin da aka kawo. A 1972 Japan ta kafa Jami'ar Likitanci ta Jichi, inda kowace jiha take turo ɗalibai biyu ko uku a shekara, a koyar da su kyauta, su kuma su koma jiharsu su yi aikin shekara tara, wani kaso a yankunan da ke nesa da birni. Tailan ta fara wani shiri a 1994 na ɗaukar 'ya'yan karkara, a horar da su a asibitocin larduna, a mayar da su yankunansu. Kanada ta buɗe makarantar likitanci a arewacin lardin Ontariyo a 2005 bisa irin wannan manufa. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje ta fitar da shawarwari, ta kuma sabunta su a 2021. Daga cikin mafi ƙarfinsu akwai ɗaukar ɗalibai 'yan asalin karkara, domin su ne suka fi yiwuwar komawa can.

A nan ne Nijeriya ta yi rauni. Shirye-shiryen Ibadan da Ilorin sun gyara abin da ake koyarwa da wurin da ake koyarwa, amma ba su taɓa ƙofar shiga ba. Gurbin karatun likita ya fi faɗawa hannun waɗanda suka fito daga makarantun sakandare masu ɗakunan gwajin kimiyya da ƙwararrun malamai, irin waɗannan kuwa a birni suke. An gwada wata hanya a fannin ungozoma da jinya, lokacin da shirin Mata Don Kiwon Lafiya, wanda ya fara a 2012 a jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya riƙa ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka da amincewar al'ummarsu, ana ba su karatun share fage kafin su shiga makarantun kiwon lafiya. Babu abin da zai hana a yi irin wannan ga masu son zama likitoci.

8.0 Kammalawa

An ga yadda mulkin mallaka ya ɗaure likita da birni, ya kuma sa aka riƙa ƙyamar duk wani karatu da aka ce an tsara shi don ƙauye. An ga yadda Ibadan ta buɗe hanya a Igbo-Ora a 1963, Zariya da Ife suka bi, Ilorin ta faɗaɗa ta. An kuma ga cewa bautar ƙasa ta kai likitoci karkara amma ba ta zaunar da su ba, sannan taɓarɓarewar tattalin arziki ta rushe yawancin abin da aka gina a zamanin Ransome-Kuti.

Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne, matakan suna aiki ne in an haɗa su. A buɗe wa ɗan ƙauye ƙofar shiga, a kai ɗalibi cikin jama'a tun da wuri kuma ya daɗe, ya tarar da babban likita da zai yi koyi da shi a can, a tanadar masa gida da ruwa da kayan aiki da hanyar ƙaro ilmi. Gyaran albashi da gine-gine aikin gwamnati ne. Amma akwai kason da ya rataya a wuyan sassan koyar da harsunan Nijeriya, waɗanda galibi suke cikin jami'a ɗaya da kwalejojin likitanci ba tare da wata hulɗa ta haɗa su ba. Su ne za su iya tattara kalmomin cuta da na sassan jiki kamar yadda ake faɗar su a karuruwa daban-daban, su tsara ƙananan ƙamusoshi, su kuma shirya darussan Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci da Kanuri da Tibi da sauransu musamman domin ɗaliban likitanci, a koyar da su kafin a tura su zaman karkara. Wannan aiki ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, kuma ana iya fara shi daga yarjejeniya tsakanin sassa biyu na jami'a ɗaya.